Aron Uba

Kai Nasiru, na ji abin da ka faɗa wa abokinka jiya, kada ka ɗauka kunnena ya mutu. Wai aikin Baba ba wani aiki ba ne, suna kawai ake canzawa, a danna maɓalli takarda ta fito. To madalla da gwani. Tunda an ɗauke wuta, injinku kuma ba mai, ku jawo benci ku zauna. Kai kuma, Nasiru, hau akwatin nan, ba ya karyewa. Bari in gaya muku abin da ke cikin canza sunan.

Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina gindin dogonyaron ga na kusa da kotu, nan Boɗinga, ina rubuta wa mutane takardu. Wasiƙa, takardar koke, yarjejeniyar sayen gona, takardar rantsuwa, duk abin da mutum zai faɗa wa hukuma bai san ta inda zai fara ba. Wanda ya koya mini shi ne Malam Modi, Allah shi jiƙan sa. Wata shida ina gabansa bai bar ni na taɓa tafireta ba. Aikina in jera kabon tsakanin takardu, in jiƙa kushin tawada na dangwale, in kasa kunne. In mai takarda ya tashi, sai ya juyo ya ce in maimaita masa abin da mutumin ya zo da shi. In na ce ya zo sayar da gona, alhali jingina ya ce, sai in ji rula a bayan hannu. Ranar da ya fara ba ni tafireta kuwa, wasiƙar wata tsohuwa ce zuwa ga ɗanta a Ikko, layi takwas kacal, na buga ta sau biyar kafin ya yarda a sa ta cikin ambulan.

Tafiretar ga da kuke yi wa dariya ita ce tasa. Harafi biyu sun lanƙwashe, sai na ɗago su da yatsa, amma ba ta taɓa ce mini ba wuta ba. Ga reza ta kankare kuskure, ga kabon, ga akwatin ƙarfe inda nake aje kwafin duk takardar da ta fita daga hannuna. Dokar Malam Modi guda ce: ba wanda zai dangwala yatsa sai an karanta masa da Hausa sau biyu, ya ce ya ji ya yarda.

Mutane na zuwa da abubuwan da sunka yi imani da su, ba kuma ka isa ka raba su da su cikin sauƙi ba. Wani dattijo daga Kajiji ya taɓa zuwa da kan sarki guda uku a aljihu, ya ce in manna su duka a takardar iyakar gonarsa, don in takarda ta sha kan sarki ko alƙali ba ya iya musa ta. Na ce masa kan sarki ba ya mai da ƙarya gaskiya, shaidu zai nemo. Ya yi fushi ya ce rowar yawu nake yi masa. Wata mata mai sayar da albasa ta shekara tana binne kuɗinta cikin tukunya, don an ce mata in ta kai banki sai da sa hannun maigidanta za ta iya fitarwa. Wani kuma ya zo in rubuta masa takardar miƙa kansa a tsare shi madadin ƙanensa da ake nema, ya ɗauka haka doka ta ce. Irin waɗannan ni ke warware musu, ina jin kaina wani babban masani. Ashe ni ma ina ɗauke da nawa, wanda ya fi nasu muni.

A wurin Malam Modi na gaje shi, mun kuma sa masa suna aron uba. Kun san ba mu da nisa da iyaka. Mutane na tsallakowa daga Nijar tun kakanni, wasu noman albasa, wasu kiwo, wasu ginin rijiya. Wani ya yi aure nan, ya hayayyafa, ya tsufa nan. To mu a wurinmu ɗa na uba ne, sunan uba yake ɗauka, dangin uba yake bi. Sai munka ɗauka ga gwamnati ma haka abin yake: in ubanka daga ƙetare ya zo, kai ma baƙo ne, ko da a ɗakin kakarka anka yanke maka cibi. Don haka in irin wannan yaro zai nemi makaranta ko aiki, sai a zo da kawunsa, wan uwa ko ƙanenta, a rubuta takardar rantsuwa cewa shi ya haife shi. Malam Modi ya ce mini taimako ne, ni ma na riƙe shi taimako. Ban taɓa tambayar sa inda ya gani ba.

Wata ranar kasuwa mutum uku sunka zo mini daga Dandin Mahe. Na farko Illa mai ginin rijiya, dogo, baƙi, hannuwansa duk kanta. Daga wani ƙauye bayan Ƙonni ya zo tun yana saurayi, kuma daga Dandin Mahe har Mandera da wuya ka sha ruwan rijiyar da ba shi ya gina ba. Ya auri Inno, ɗiyar manoman garin. Na biyu Alhaji Sanda, wan Inno. Na uku Sahabi, babban ɗan Illa, wanda ya samu hanyar shiga aikin ɗamara ana neman takardunsa. Ban ma bari sun gama bayani ba, na ce na gane. Na ɗaura takarda da kabon, na buga cewa Sahabi ɗan Alhaji Sanda ne, haifaffen gidansa. Ko minti goma ban yi ba.

Illa na zaune a ƙarshen benci, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Da na zo karantawa, na so in yi sauri in wuce wurin sunan, sai ya ce in sake, bai ji da kyau ba. Na sake. Ya tambaye ni ko shi ke nan, na ce shi ke nan, sai su shiga cikin kotu yaron ya rantse. Ya sa hannu a aljihu ya biya ni da kansa, ya ce Allah shi yi albarka. Sahabi ya samu aiki. Wallahi har alfahari na yi ta yi da wannan takarda, ina cewa ni na sa yaron a hanya.

Bayan nan ne shekarar wahala ta zo. Wayar hannu ta shigo ta kashe wasiƙa ɗungurungum, wanda zai zauna ya faɗa mini gaisuwar ɗansa yanzu sai ya kanga waya a kunne ya yi ta ihu. Shagon kwamfuta na farko ya buɗe can tsallaken titi, kowa ya kwasa can don takardarsu ta fi kyan gani. Kirtanin tafireta ya ɓace a kasuwa, har birnin Sakkwato na je ban samu ba, sai in shafa wa tsohon tawada da ɗan man keke in shanya. Akwai makon da takarda biyu kawai na buga. Na koma kasuwar albasa ina rubuta sunayen masu kaya a jikin buhu da fenti, ni da anka sani da riga fara. Abin da ya maido ni gindin bishiyar ga shi ne mutane sun gane yaran shagon ba su saurare. Mutum ya ce jingina su buga sayarwa, ya dangwala, sai gona ta tafi sannan ya zo yana kuka. Kada ka harare ni, Nasiru, lokacin kana goye.

Shekara goma sha biyu ko sha uku bayan takardar Sahabi, wata Litinin da hantsi, sai ga Illa kuma. Ya tsufa, ya daina shiga rijiya, yana dogara sanda. Ga Alhaji Sanda, ga wata budurwa cikin hijabi ruwan toka da fayil a hannu. Luba ce, autar Illa. Ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya, an ce ta kai takardar shaidar ita 'yar ƙasa ce kuma 'yar jiha kafin Juma'a, in ba haka ba a ba wani gurbin. Inno ta sayar da tumakinta don wannan karatu, garin duk an san Luba za ta zama malamar asibiti.

Na ɗaura takarda, har na buga layin farko, sai yarinyar ta matso.

"Baba Akawu, dakata. Mi za ka rubuta?"

Na gaya mata, irin ta yayanta ce.

"Ba ni rantsuwa da Alƙur'ani cewa Kawu ya haife ni, ga mahaifina zaune."

Alhaji Sanda ya hau faɗa, ya ce boko ya lalata ta, shi da ya bar aikinsa ya zo ya rufa mata asiri. Ni ma raina ya ɓaci. Na ce mata ke yarinya, tun ba a haife ki ba nake wannan aiki, kina son karatu ko kina son gardama? Illa ya yi ƙasa da murya yana lallashinta, ya ce shi ya yarda, ba komai, suna ne kawai a takarda, ai Allah ya san gaskiya. Ta ce masa shi ya yarda, ita ba ta yarda ba, in karatun sai da haka ta haƙura ta koma gida. Idonta ya cika da hawaye amma ko gezau. Sai ta juyo gare ni.

"Baba Akawu, wace takarda anka rubuta cewa ni ba 'yar ƙasa ba ce? Ka taɓa ganin ta da idonka?"

Na ce kowa ya san haka. Ta ce ba kowa ta tambaya ba. Kai, yarinyar ga ta ƙure ni gaban mutane, har masu jiran layi sun fara murmushi. Na zare takardar daga tafireta na ce su dawo jibi, zan kawo mata abin da zai rufe mata baki.

Da wannan niyya na hau mota zuwa Shagari ranar Talata, don in kunyata ta, ba don in taimake ta ba. Akwai wani tsohon rajistaran kotu da ya yi ritaya can, Alhaji Buhari, mun saba tun yana aiki. Na same shi a zaure yana gyaran rediyo. Bayan gaisuwa na ce, ranka shi daɗe, so nake ka nuna mini inda doka ta ce ɗan baƙo baƙo ne. Ya ɗago tabarau ya yi mini tambaya uku. Ina anka haifi yarinyar? Na ce Dandin Mahe. Uwarta fa? Na ce ita ma can. Uban uwar? Na ce kabarinsa na can bayan gari, shi da na ubansa. Sai ya shiga gida ya fito da kundin tsarin mulki, bangonsa duk ya yage, ya buɗe babin zama ɗan ƙasa ya ce in sa yatsana in karanta da kaina, tunda ni akawu ne.

Na karanta sau uku. Wanda anka haifa a ƙasar ga, in ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne, uwa ko uba, kai ko da ɗaya daga cikin kakanninsa ne, to shi ɗan ƙasa ne tun ranar haihuwarsa. Ba roƙo, ba alfarma. Ya sake buɗe wani wuri can wajen ƙarshe, inda anka yi bayanin wane ne ɗan jiha, nan ma uwa ta isa, kaka ta isa. Ya ce mini nasaba daban, ƙasa daban. A nasaba ɗa na ubansa ne, kuma addinin da ya ce haka shi ne ya hana a jingina ɗa ga wanda bai haife shi ba. Mu mun ɗauki hukuncin nasaba mun kai inda ba a sa shi ba, sannan mun taka shi a inda anka sa shi. Ya ƙara da cewa rantsuwar ƙarya laifi ce, in ta tonu tana iya raba mutum da aikinsa.

Ya tambaye ni irin wagga takarda nawa na buga. Na ce ban sani ba. Gaskiya ce, ban sani ba, kuma kunya ta rufe ni har na kasa shan ruwan da anka kawo mini. Kafin in tashi ya ja mini kunne cewa abin da ke cikin littafi daban, abin da ma'aikata sunka saba daban, yawancinsu uba suke tambaya. In ina son abin ya tafi, in samo wasiƙar hakimin garin da ke shaida uwar da kakan.

Laraba da sassafe, ban jira su zo ba, na naɗe tafiretar ga cikin tsohon bargo, na ɗaure ta a bayan babur ɗin ɗan kabu-kabu, sai Dandin Mahe. Hanya duk rami, ina riƙe da ita kamar jinjiri. Na fara biyawa gidan Illa na ce wa Luba ita ke da gaskiya, ni ke da kuskure. Ban taɓa faɗa wa ɗan cikina haka ba. Daga nan munka tafi fadar hakimi, munka cire takalma munka faɗi gaisuwa. Na ce, Allah shi ba ka nasara, shaida muke nema a kan abin da ka sani. Hakimi ya yi dariya ya ce shi da uban Inno sunka yi kiwo tare, ruwan da ke randar gidansa kuma daga rijiyar Illa anka ɗebo shi. Nan a ƙofar fada na ɗora tafireta a kan turmi na buga wasiƙar. Sau uku ina yagewa, don ban so a samu ko ɗigo da za a kama. Na rubuta uban da sunansa da garin da ya fito, ban ɓoye komai ba, na rubuta uwar da ubanta da unguwarsu. Hakimi ya sa hatimi.

Alhamis munka je ofishin da ake ba da takardar, ni da Luba da Illa. Ba sai na faɗi ko wane ofishi ba. Wani matashin ma'aikaci ya karɓi fayil, ya karanta har ya kai kan garin uban, sai ya turo mana shi. Ya ce ai uban ba ɗan nan ba ne, mu je mu yi yadda ake yi mu dawo. Yadda ake yi! Ni zai gaya wa yadda ake yi, ni da na koya wa rabin ƙasar ga? Jini ya hau mini ka, amma na tuna gobe Juma'a, na haɗiye. Sai na ari tambayar Luba na yi masa, na ce ɗana, a wace takarda ka ga haka? Ya ce kowa ya sani. Na ji maganata ta fito daga bakin wani, ba daɗin ji. Na ajiye masa shafin da Alhaji Buhari ya sa anka ɗaukar mini hotonsa, na ce in ya karanta bai gamsu ba, ba faɗa, ya rubuta mana a takarda cewa ya hana, da dalili, ya sa sunansa da hannunsa. Ya dube ni, ya dubi shafin, ya kwashi fayil ya shiga wurin maigidansa.

Munka zauna a baranda tun hantsi har anka kira azahar. Luba sai murza bakin hijabi take yi. Illa ya ce mini a hankali, in abin zai gagara, har yanzu Alhaji Sanda na gida, ana iya aika masa. Na ce masa a'a, ko za mu kwana nan. Bayan mun dawo daga salla ma'aikacin ya leƙo ya kira sunanta. Ta shiga, ta fito da takarda mai hatimi, tawada ko bushewa ba ta yi ba. Luba Illa. Ta durƙusa gaban ubanta ta miƙa masa, sannan kukan da ta riƙe tun Litinin ya ƙwace mata.

Illa bai iya boko ba. Ya miƙo mini ya ce in karanta, na karanta. Ya ce in sake, na sake. Ya ce in kama yatsansa in ɗora a kan inda sunansa yake. Na kama wannan yatsa mai kanta na ɗora a kan haruffa huɗu, ya daɗe bai ɗauke ba. Luba ta tafi neman ambulan, munka rage mu biyu a kan benci. Sai ya ce:

"Malam, ita wagga doka, sabuwa ta?"

Na san abin da yake tambaya. Da na ce masa bara anka yi ta, da ya yarda, ba kuma wanda zai ƙaryata ni. Amma ƙaryar da na buga a kansa ta isa.

"A'a, Malam Illa. Tana nan tun da daɗewa."

"Ranar da munka zo da Sahabi tana nan?"

"Tana nan."

Ya sunkuyar da kai yana kallon sandarsa. A lokacin Sahabi ya yi aure, 'ya'yansa uku, duk da sunan Sanda anka rubuta su a makaranta.

"Ashe a banza nib ba da yaron nan."

Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Na ce masa ana iya neman hanyar gyarawa, ya girgiza kai. Ya ce yaron ya rantse, in anka tono aikinsa zai tafi, a bar shi ya ci abincinsa, kada in kuskura in faɗa masa. Ya dafa sanda ya miƙe, ya ciro kuɗin aikina. Na ce wallahi ba ni karɓa. Ya ajiye su a kan benci, ya ce Allah shi yi albarka, kamar yadda ya ce wancan karon.

Luba ta kai takardarta ranar Juma'a da safe, yanzu haka tana aiki a wani asibiti, in ta biyo ta nan takan tsaya ta auna mini jini ta yi mini faɗan goro. Illa ya rasu damina biyu bayan nan. Tun daga ranar duk wanda ya zo mini da kawu a gefe, sai na tambaye shi uwarsa 'yar ina ce kafin in taɓa tafireta.

Kwafin takardar Sahabi kuwa yana cikin akwatin da kake zaune a kai, Nasiru. Layi tara ce, ba kuskure ko ɗaya, minti goma ban yi ba na gama ta. Suna guda kawai na canza.